Saƙin Kulu da Matan Cikin Takarda

Tun da na dawo daga Ikko ban zura zare a allura sau uku a jere ba tare da wani ya tsaya a kaina a rumfar maɗinka ta kasuwar Jega ba. "Labbo, wai da gaske ruwan can gishiri ne?" "Labbo, ka ga matan Turawa da idonka?" Nakan ba kowa ɗan abin da zai tafi da shi, in riƙe sauran a ciki. To, riƙon ya ishe ni. Ga shi na rubuta duka, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi ɗinkina.

Kun san ni da son labari. 'Yan takardun nan da marubuta ke kwafa suna sayarwa a bakin kasuwa, na ɗan sarkin da ya ga surar wata mace ya bar garinsu ya ƙetare gulbi bakwai, babu wadda ban saya ba. Ina ɗinki ina maimaita su a zuci. Wannan hali shi ya fitar da ni daga gida, ba neman abinci ba.

A shekarun da Turawa ba su daɗe da zama ba, akwai wani Baturen ƙiraga a bayan gari, wajen gulbi, wanda ake ce wa Mai Tari. Wata rana ya aiko in gyara masa gidan sauro. Ina shiga ɗakin na ga takardu huɗu a bango, kowace cikin gilashi, kowace da mace ɗaya a tsaye. Babu launi, baƙin tawada ne kawai, amma layukan sun fi gashin jariri siriri. Tafintansa ya ce wai da allura ake karce farantin tagulla, a shafa tawada, a danna wa takarda. Da na ji aikin allura ne sai na ji kamar ɗan'uwana ne ya yi su.

Ta farko tana da hula mai tsawon kai kamar malafa, da takalmi a bisa ƙarfe don kada taɓo ya taɓa ta. Ta biyu gashinta ya sauko a nannaɗe ta gefen kunnuwa, tana riƙe da mafici na gashin tsuntsu. Ta uku ta juya baya, don a ga yadda aka tattare bujenta. Ta huɗu ita ce ta kashe ni. Baƙin ƙyalle ya rufe mata goshi da idanu har karan hanci, an bar huji biyu, ta cikinsu take kallonka. Farin wuyan riga mai huji-huji ya kwanta mata a kafaɗa, faɗinsa kamar faifai. Hannuwan rigar sun kumbura kamar tulu, ƙugun ya tsuke ya sauko da tsini a gaba, bujen kuma ya zubo har ƙasa, an ɗage na sama kaɗan don na ciki ya leƙo. Hannuwanta biyu ta cusa su cikin wani abu mai gashi, kai ka ce kyanwa ce ta haɗiye su.

Na ce da tafinta ya tambayar mini su wane ne. Mai Tari ya yi tarinsa ya ce, "Matan ƙasarmu."

Ban tambaya na yaushe ba. Me zai sa in tambaya? Rigar da kakana ya sa, yankanta ɗaya da wadda nake ɗinka wa jikan maƙwabcina. A wurinmu tufa ba ta mutuwa sai ta yage. Ban taɓa jin ƙasar da yankan riga ke tsufa ba.

Da ciwon ƙirji ya kori Mai Tari gida, gara ta riga ta ci katakon gilasan, sai ya ba ni takardun. Damina guda ina kallonsu. Na ji fatake na cewa matan Turawa sun fara yawa a Ikko, sai na ce a raina, ga mata a baƙuwar ƙasa, nesa da maɗinkansu. Na ga kaina a gaban wata, na warware riga, ta dube ta ta fashe da kukan tuna gida, ta ce wane ne wannan mutum, daga wane gari. In ce Jega.

Rigar ta huɗun baƙa ce a takarda, kuma ba ƙyallen kanti ne zai yi nauyinta ba. Abu ɗaya na sani da zai yi: saƙin matata Kulu. Zannuwa uku ne, saƙi baƙi wuluk mai ɗigon fari kamar zabuwa, an rina an buga har yana ɗaukar ido. Mahaifinta masaƙi ne a Kimba, kuma su ne na ƙarshe da ya sauke daga masaƙa kafin ya kwanta ciwon ajali. Ba ta ɗaura su sai ranar Salla, ɗaya a shekara, ta mayar cikin adudu.

Sai da na yi kwana tara ina kewaye-kewaye kafin na furta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, almakashi za ka sa mai?"

"Kulu, hannun babanki za shi inda ƙahwatai ba ta je ba. Manyan matan Turai za su tambayi sunan wanda yas saƙa."

"Shi bai tambayi sunansu ba."

Ta gama tankaɗe, ta kakkaɓe hannu, ta shiga ɗaki ta fito da su ta ajiye a gabana.

"Ga shi. Amma ka ji ni da kyau. In da mutunci za a sa shi, ka bayar, na yahe. In ba haka ba, ka maido man abina, ko a yanke yake. Ni na san yadda zan haɗa."

Na ce na ɗauki alkawari.

Wata huɗu na yi a kan rigar. Na tsaga tukurwa siri-siri na jera a cikin ƙirjin don ya tsaya. Wuyan kuwa farin ƙyalle na yi ta hudawa ina ɗaure bakin kowane huji da zare, irin yadda muke yi wa hula, har idona ya fara ganin abu biyu. Abin cusa hannun, fatun zomo na samo wurin wani maharbi, badukku suka jeme. Na roƙi Kulu ta gwada, ta dubi ƙugun ta ce, "Numhwashi ta ina za ya bi?" Sai na kifa turmi, na ɗaura masa kara, na sa masa rigar. Turmin ya yi kyau ƙwarai.

Abokin tafiyata Nomau ne, taubashina na Aliero, mai fataucin albasa. Ya saba sauke kaya a Yawuri ya juyo, amma bana ya yi niyyar wucewa har Ikko ya komo da goro. Mun tashi bayan an ɗebe albasar fari, da jakai goma sha ɗaya. Tun a ƙofar gari ya fara.

"Bawana, mi ka ɗauko haka kana rungume kamar jinjiri?"

"Abin da ya hi ƙarhin mai warin albasa."

"Warin albasa ka ciyar da kai har Ikko, sai ka yi mai ladabi."

A Maiyama muka fara sauka, a zauren wani abokin cinikinsa. Wata tsohuwar Bafillata ta kawo fura, ta tarar ina nuna wa maigidan takardun. Ta ajiye ƙwarya ta sunkuya a kan ta huɗun, ta daɗe tana kallo.

"Wagga haihuwa tay yi anka ɗaure mata ciki haka?"

Na ce a'a, ado ne.

"To wanga na ido hwa?"

Na ce kunya ce, irin ta manyan mata.

"Kunya," in ji ta. "Ta ruhe inda ba kunya, ta bar inda kunya take a buɗe." Ta sa yatsa a ƙirjin hoton. Zauren ya ɗauki dariya, Nomau har da faɗuwa a kan buhu. Ni kuwa na tuna a labarai kullum akwai tsohuwar da ke gwada zuciyar matafiyi, sai na naɗe takarduna na sha furata.

Bayan Giwa Tazo jakin da ke ɗauke da ƙunshina ya ga ruwa a wani rafi ya durƙusa a ciki. Allah ya sa tabarma ce kawai ta jiƙe. Daga nan a kaina na ɗauki ƙunshin har Yawuri, kwana biyar, wuyana ya sage. Duk da haka da na kwance shi don ya sha iska, rigar babbar matar Turai warin albasa take yi. Na sayi turaren wuta na yi mata hayaƙi, Nomau na tsaye yana cewa ko amaryar Aliero ba a yi wa haka.

A Yawuri aka sayar da jakai, muka shiga jirgin ruwan Nufawa. Ban taɓa cin kifi irin na wannan tafiya ba: da safe kifi, da rana kifi, har na fara mafarkin tuwon gero da miyar kuka. Mutanen tsibirai na fitowa su sayar mana da shinkafa, matansu da ɗan abin da bai kai tafin hannu biyu ba a ƙugu, suna ciniki hankali kwance, ba wanda ya dube su sai mu. Nomau ya ce, "Ka gani, kowace ƙasa da inda take ajiye kunyarta." Wajen Busa ruwa ya yi faɗa da duwatsu, aka sauke mu muka bi gaɓa da kaya a ka, masu jirgi suna jansa da igiya suna kiran sunayen da ban sani ba. A nan takardar mai mafici ta sha ruwa, fuskarta ta yi tabo. Na ji zafinsa kamar mutum ne ya ji rauni.

A Jaba muka hau jirgin ƙasa. Ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, wasunku sun ji labarinsa. Abin da ban zata ba shi ne iyaka. Bayan Ilori, a wata tasha inda aka ce ƙasar Arewa ta ƙare ta Kudu ta fara, jirgin ya tsaya, wani akawu da ɗan sanda suka shigo suna kwance kaya. Ba gulbi, ba ganuwa, ba ko kuka guda da za ka ce ita ce alama. Albasa ba ta dame su ba. Ƙunshina ne ya tsayar da su.

Akawun ya ɗaga abin fatar zomon, ya juya shi, ya zura hannu ta wannan baki. Ɗan sandan ya zura ta wancan. Hannuwansu suka haɗu a ciki, kowa ya zabura ya ja baya. Sai suka ga marufin idon, ɗan sandan ya ce da gurguwar Hausa ko ni ɓarawo ne, ko kuwa mai dodo. Na fito da takarda na nuna. Akawun, wanda ke sanye da kwat da wuyan riga mai tauri, ya dubi hoton, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai ya yi murmushi ya fasa. Na sha tuna murmushin nan. Amma da ya ji tauri a ƙirjin rigar sai ya sa wuƙa ya farke ɗinki, ya zaro tukurwa guda, ya shinshina, ya jefar ta taga. Daga nan har Badun ina ɗinki jirgi na girgiza ni, na soki yatsana ya fi a ƙirga.

A Ikko muka sauka gidan Baba Sanda, tsohon soja ne mutumin Argungu, wanda ke saukar da fatake, kuma yana jin Turanci. Ɗaki ɗaya mu bakwai, ga zafi mai danƙo, gumi ba ya bushewa. Gidaje a bisa gidaje. Ruwan sha sai an saya. Tuwonsu na garin rogo ne, ba ya ƙamshin hatsi, miya kuma ja ce da manja, barkononta na sa mutum ya tuna zunubansa. Tekun kuwa, i, gishiri ne, na ɗanɗana. Ku daina tambayata.

Kwana biyu da isowarmu Baba Sanda ya kai ni hanyar bakin ruwa, inda Turawa ke shan iska da la'asar. Wani mutum ya wuce yana jan keke mai ƙafa biyu, a ciki ga Baturiya. Farar riga ce a jikinta, miƙaƙƙiya, ba kumburi, ba tattara, kamar buhun da aka wanke. Hular kwano a kanta irin ta mazansu. Fuska a buɗe, ja kamar gauta.

Na ce, "Baba, wagga baiwarsu ce?"

"Baiwa? Matar babban alƙali ce."

Mako guda ina zuwa wurin. Na ga tara. Babu mai marufin ido, babu mai wuyan faifai. Na ce wa kaina kayan zafi ne, na ado suna cikin adudu, kamar saƙin Kulu.

Baba Sanda ya san kukun wata Baturiya, matar wani babban mai kanti, shi ya yi mana hanya. Muka je da hantsi, ni da shi da Nomau, aka tsayar da mu a baranda. Ta fito, doguwa ce, ba yarinya ba, da fara'a. Na shimfiɗa tabarma na warware rigar, na jera wuyan da marufin idon da fatar zomon, na ajiye takardar a gefe, yadda na yi ta yi a zuciyata tun daga Jega.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafe baki, kafaɗunta na rawa don dariya. Sannan ta durƙusa, ta ɗauki takardar, ta duba wasu 'yan ƙananan lambobi a ƙasa waɗanda ni na ɗauka ado ne, ta yi lissafi da yatsu, ta yi magana.

Baba Sanda ya sosa gemu. "Ta ce matan ƙasarsu ne, gaskiya. Amma sun mutu tun kahin a haihi kakan kakan kakanta. In na auna da namu, tun sarakunan Kabi na zaune Surame."

Na ce to, ai rigar ba ta mutu ba.

Ya mayar mata, ta amsa. "Ta ce can riga na mutuwa tana sabuwa. Shekara kaɗan sai a sake yanka, wadda tas sa na da a yi mata dariya. Ko ta uwarta ba ta iya sawa ta hita."

Na tsaya ina kallon aikin wata huɗu. Ita kuwa ta ɗauki gefen bujen tana murza saƙin, ta kai wuyan wajen haske tana duba hujin ɗaya ɗaya. Wannan ba na ƙarya ba ne, na san idon wanda ya san allura. Ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba. Sannan ta ce tana so. Ranar Asabar suna da wasa, kowa zai yi shigar wani, kuma babu wadda za ta zo da irin wannan.

Baba Sanda bai ɓoye mini komai ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Ɗana, ka gane. Tashe ne. Irin nasu. Wanda ya hi ba da dariya shi ka cin kyauta."

Nomau ya matso kusa da kunnena, kuma a karon farko tun Jega babu wasa a muryarsa. "Labbo, naɗe kayanka mu tahi. Ka ji abin da Kulu tac ce."

Na ji. Kalmominta na nan a kunnena, ba abin da na manta. Amma Baturiyar ta riga ta kara rigar a jikinta, tsawon ya yi daidai kamar da ita na auna, ta ɗora marufin a idonta ta dube ni ta cikin hujin. Shekara guda ina kallon matar nan a takarda. Ina so in ga ta taka ƙasa, ko sau ɗaya. Na ce wa kaina wasan manya ai ba kamar na yara ba ne. Na ce a bar mata. Ta miƙo abin da ta miƙo, na karɓa, ciniki ya faɗa.

Ranar Asabar da la'asar muka tsaya a bayan shingen lambun wani gida, tare da masu dafuwa da masu jan keke. Ta sauko daga matakala a hankali, hannuwa cikin fatar zomo, bujen na jan ciyawa, rana ta bugi saƙin yana walƙiya. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsawon numfashi uku na samu abin da na zo nema. Takarda ta tashi ta yi tafiya.

Sai na ga sauran. Wani ƙaton Bature ya yi shigar jariri, da hular yara da bulumbotin shan madara. Wani ya sa kan jaki na kwali. Wani kuma ya shafa baƙi a fuska, ya sa babbar riga bai-bai, ya naɗa rawani kamar gammo, yana ɗingishi yana cewa "sannu, sannu", ana ta ƙyaƙyata. Shi ne ya zo ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta, suka zagaya fili, mai kan jaki na bin su yana ɗaga mata buje. Zafi ya yi aikinsa. Gumi ya jiƙa saƙin, shuni ya sauka, wuyanta da damatsanta suka koma shuɗi. Da ta zaro hannu ta share goshi sai fuskar ma ta ɗauka. Wurin ya kece da dariya, ita ma tana yi har da riƙe ciki, tana nuna wa kowa hannuwanta. Ita ta ci kyautar.

Babu mugunta a ciki, na sani. Wasa suke yi. Amma abin da tsohon nan, baban Kulu, ya zauna a ramin masaƙa ya yi da sauran ƙarfinsa, shi ne jaki ke ɗagawa.

Washegari tun da safe Nomau ya ce in mayar mata da kuɗinta in karɓo namu. Na ce gobe. Ina jin kunyar in tsaya a barandar nan in ce na fasa, bayan ta yabi hannuna. Gobe ta zama jibi. Na yi ta shirya maganar da zan faɗa, mai daɗi, irin ta cikin labarai. Ranar ta biyar na je, kukun ya ce ai uwargida ta shiga jirgin ruwa jiya, ta tafi ganin gida, kuma da hannunsa ya sa rigar a akwati.

Hanyar komowa ba ni da abin faɗa a kanta. Goro ya yi tsada, ruwa ya ja baya, muka yi yawancinta a ƙasa. Nomau bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, wannan ya fi mini ciwo da duk tsokanarsa. A Maiyama tsohuwar nan ta kawo fura ta tambaye ni ina mai ɗaurarren ciki, na ce tana lafiya.

Na shigo Jega da hantsi. Kafin in sha ruwa gida ya cika da mata 'yan barka da zuwa, suna tambaya ko gaskiya ne saƙin baban Kulu ya tafi Turai. Na ce gaskiya ne. Babbar mace ta sa shi? Ta sa. A gaban jama'a? A gaban jama'a. Aka yi guɗa. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin kaina maƙaryaci kamar ranar ba. Kulu tana ta raba goron tsaraba, ba ta tambaye ni komai ba.

Kwana shida na iya. Ranar ta bakwai da safe tana kaɗi a tsakar gida, na zauna a bakin turmi na faɗa mata duka, har da mai kan jaki, har da maganar Baba Sanda da ta Nomau, har da kwana huɗun da na ɓata. Mazarin bai tsaya ba sai da na gama.

"Na sani," in ji ta. "Da da mutunci anka sa shi, tun daga zaure zan ji muryarka."

Na ce ta faɗi duk abin da za ta faɗa, na cancanta.

Ta naɗe zaren a hankali. Na zaci za ta yi zancen alkawari. Sai ta ce, "Ka gaya mata ba a sa mai sabulu?"

Na ce a'a.

"Ba a matse shi, ba a shanya shi a rana. Inuwa yaka so. In ya dushe a kai shi a buga." Ta dube ni. "Can akwai masu bugu?"

Na ce ban sani ba.

"Wata huɗu kana tare da shi, Malam, ka kai shi har bakin teku, ba ka gaya ma mutane yadda ake riƙonai ba."

Ta lashi yatsa ta murza mazari, ya ci gaba da juyawa. Ni ko na zauna a wurin har rana ta iso ƙafata.